TAYA WANI JIN KUNYA: RAUNIN ZUCIYA NE KO ALAMAR IMANI?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutane daga ƙasa guda, ya kuma bambanta halayensu kamar yadda ya bambanta harsunansu da launin jikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi wani hali ne da kusan kowa ya san ɗanɗanonsa, amma ba safai ake tsayawa a yi nazarinsa ba. Sau da yawa a cikin watan azumi liman kan ɗauko sura mai tsawo a sallar asham, karatu ya kakare masa, ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake kakarewa. A cikin wannan ɗan lokaci sai wani mutum can a sahu na uku ya ji gumi ya karyo masa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, alhali kuwa ba shi ne ya yi mantuwar ba, watakila ma ko sunan limamin bai sani ba. Haka abin yake a zauren musabaƙar Alƙur'ani, irin wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta fara shiryawa a 1986. Idan yaro ya rikice a gaban alƙalai, za a ga wani ya sunkuyar da kai ya kasa ɗagowa, wani yana motsa leɓe yana roƙa masa buɗi, wani ko a jikinsa, wani kuwa yana ta murmushi yana zungurar na kusa da shi.

To, mene ne wannan nauyi da ke kama mutum saboda kuskuren da ba nasa ba? Me ya sa yake kama wasu ya bar wasu? Shin wanda yake jinsa ya fi wanda ba ya jinsa imani ne?

KUNYA IRI UKU

Ya kamata a fara da gyara lafazi, domin Hausa ta rarrabe abubuwa uku da kalma guda ta tattara. Akwai jin kunya, watau nauyin da ke kama mutum idan ya yi abin da bai dace ba. Akwai jin kunyar wani, irin wanda suruki ke yi a gaban surukinsa, ko uwa game da ɗan fari har ta ƙi kama sunansa. Wannan kara ce da girmamawa, kuma mutanen ƙasar Sakkwato sun yi fice a cikinta, musamman da yake ta haɗu da filako na Fulani. Na uku shi ne taya wani jin kunya, watau mutum ya ɗauki wani kaso na muzantar da ta sami ɗan'uwansa ya aza wa kansa ba tare da an roƙe shi ba. Wannan na ukun shi ne abin magana.

Idan aka bi asalinsa za a tarar cewa wuri ne da halaye biyu na Musulunci suka gamu: kunya, wadda Larabawa ke kira haya'u, da tausayi, watau rahama. Game da ta farko, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani Ba'ansare yana yi wa ɗan'uwansa faɗa a kan yawan kunya, sai ya umurce shi ya ƙyale shi, ya kuma sanar da shi cewa kunya tana cikin imani. Game da na biyu kuwa, hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ya kamanta muminai da jiki guda, wanda idan gaɓa ɗaya ta yi ciwo sauran jiki kan kwana da zazzaɓi da rashin barci. Muzanta a gaban jama'a ciwo ce, wani lokaci ma ta fi ta jiki daɗewa ba ta warke ba. Saboda haka babu mamaki idan gaɓa mai lafiya ta ji raɗaɗinta.

Masu binciken zamani ma sun iso ga wannan ta tasu hanyar. A 2011 wasu masana a Jami'ar Marburg ta ƙasar Jamus suka nuna wa mutane hotunan wasu da suka shiga halin kunya, suna kuma duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Suka tarar cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke motsawa idan mutum ya ga wani yana jin zafin ciwo, su ne ke motsawa idan ya ga wani ya muzanta, kuma motsin ya fi ƙarfi ga waɗanda aka riga aka auna aka ga sun fi tausayi. Wani abin lura shi ne, mai kallo kan ji wannan nauyi ko da shi mai kuskuren bai san ya yi ba, kamar mutumin da ke tafe cikin kasuwa da yagaggen wando bai sani ba.

BAMBANCIN HALAYE

Amma fa mutane ba ɗaya ba ne a cikin wannan, kuma addini bai taɓa cewa ɗaya ne ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa an halicci Annabi Adamu daga damƙar da aka ɗebo daga dukkan sassan ƙasa, don haka zuriyarsa suka fito gwargwadon ƙasar, da mai taushi da mai tsauri. Ko a cikin sahabbai an san Sayyidina Abubakar da taushin zuciya, an san Sayyidina Umaru da tsanani a kan gaskiya, an san Sayyidina Usmanu da kunyar da har mala'iku ke jin nauyinsa, kuma dukkansu an yi musu bushara da Aljanna. Da a ce hali guda ne kaɗai ƙofar tsira, da ba a tara su a cikin bushara ɗaya ba.

Tun da can masu hikima sun yi ƙoƙarin rarraba mutane gida-gida. Likitocin da, tun daga Jalinusu na Yunanawa har zuwa Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, sun danganta halaye da rinjayen ɗabi'u huɗu a jiki, watau zafi da sanyi da danshi da bushewa, kuma har yanzu akan ji Bahaushe ya ce wane mai zafi ne, wane kuwa mai sanyin hali. A 1921 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Carl Jung ya raba mutane zuwa masu zurfin ciki da ke samun natsuwa a kaɗaice, da masu faran-faran da ke samunta a cikin jama'a. Daga tunaninsa ne aka gina gwajin Myers-Briggs mai raba mutane gida 16, wanda matasa ke amsa tambayoyinsa a intanet, kowa ya fito da haruffa huɗu ya ce shi ke nan ya san kansa. Masana halayyar ɗan Adam da dama suna da ja a kan wannan gwaji, domin mutum guda kan sake shi bayan 'yan makonni ya faɗa wani gidan daban, kuma halaye hawa-hawa suke, ba ɗakuna ne masu bango ba.

Duk da haka, wanda ya zauna da mutane ya san akwai gaskiya a cikin bambancin. Mai zurfin ciki, mai yawan lura da fuskoki, shi ne nauyin nan ya fi kamawa, har yakan tashi daga wurin ɗaurin aure idan mai sanarwa ya kira ango da sunan wani. Mai faran-faran yakan ji shi, amma nan take ya nemi wata raha ya yayyafa wa wutar ruwa. Mai zafi, wanda ya saba tsage gaskiya, kuskuren yake gani kafin ya ga mai kuskuren, shi ya sa yakan yi gyara da babbar murya yana ganin taimako ya yi. Akwai kuma mai sanyin jini wanda zuciyarsa ba ta motsawa da wuri, ba don mugunta ba.

To, wane ne ya fi a cikinsu? Amsar malamai ita ce, shari'a ba ta kama mutum a kan abin da ya faɗo masa a zuciya ba da zaɓinsa ba, domin ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar da cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Gumin da ya karyo wa mai zurfin ciki ba lada ba ne a kan kansa, rashin gumin mai sanyin jini kuma ba zunubi ba ne. Hisabi yana farawa ne daga abin da hannu da harshe da ido suka aikata bayan nan. Kada kuma wani ya fake da cewa hali zanen dutse ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi ga masu wannan da'awa a cikin Ihya'u Ulumid Dini, ya buga misali da ƙwallon dabino: ba zai taɓa zama itacen tuffa ba, amma kuma ba zai zama dabino ba sai an shuka shi an yi masa ban ruwa. Mai zafi ba zai koma mai sanyi ba, sai dai yana iya zama mai zafin da ya koyi sassauta murya.

INA TUSHEN NAUYIN YAKE?

A nan ne ya kamata mai yawan taya mutane jin kunya ya binciki kansa, kada ya yi saurin ba kansa shaidar tausayi, domin ganye iri ɗaya kan fito daga saiwa daban-daban. Wani nauyin daga tausayi yake, mai shi ya sa kansa a matsayin wanda ya yi tuntuɓe. Wani daga son kai yake: uba ya ji kunya don ɗansa ya kasa amsa tambaya a gaban baƙi, amma abin da ke damunsa shi ne sunan gidansa, shi ya sa da baƙi sun fita sai ya huce a kan yaron. Wani kuma daga girman kai yake, kamar wanda ya iya Larabci ko Turanci ya ji wani ya yi lahani, ya yamutsa fuska don a san shi ya fi ƙarfin wannan. Irin wannan ne yake furta wa mutum cewa ya taya shi jin kunya, alhali gori yake yi masa.

Ma'aunin da ke rarrabe su shi ne inda nauyin ya kai mai shi. Wani masani Ba'amurke, Daniel Batson, ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje a kan wannan, ya nuna cewa wanda ƙuncin kansa ya dame shi idan ya ga wani cikin wahala yakan nemi hanyar tserewa in ta samu, wanda kuwa halin ɗan'uwan ne ya dame shi yakan tsaya ya taimaka ko da ƙofar fita a buɗe take. Musulunci ya riga ya ba wannan taimako suna, shi ne sutura, kuma ya yi alkawarin cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Nauyin da bai haifi sutura ba, wahala ce kawai mai shi ya sha.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Abu Sa'idul Hudri ya siffanta Manzon Allah (S.A.W.) da cewa ya fi budurwa a cikin ɗakinta kunya, kuma idan ya ƙi abu akan gane a fuskarsa. Amma wannan kunya ba ta taɓa korarsa daga wurin da ake bukatarsa ba. Ran da wani Balaraben ƙauye ya tsuguna ya yi fitsari a cikin masallaci, sahabbai suka taso masa, sai ya hana su katse shi, ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin, sa'an nan ya kira shi ya fahimtar da shi abin da aka gina masallatai dominsa. Ran da Mu'awiya ɗan Hakam ya yi magana a cikin salla don bai san hukunci ba, mutane suka zura masa ido suna bugun cinyoyinsu, shi da kansa ya ba da shaida cewa bayan sallama Annabi bai daka masa tsawa ba, bai zage shi ba, kuma bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba. Nana A'isha kuma ta ba da labarin cewa idan wani abu ya iso masa game da mutum ba ya kama suna, sai ya yi magana a kan wasu mutane a dunƙule, irin abin da Hausawa ke kira hannunka mai sanda.

Har a cikin hukunce-hukuncen fiƙihu akwai wannan lura. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda alwalarsa ta warware yana cikin salla ya kama hancinsa ya fita, malamai suka ce hikimar ita ce a zaci haɓo ne ya same shi. Littafin Ahalari, wanda kusan kowane almajiri a Sakkwato ya fara da shi, ya koyar da cewa mamu ba ya gaggawar ciro liman sai liman ya tsaya yana jiran a buɗe masa, ko kuwa ya ɓata ma'ana. Ana kuma ba da labarin Hatimul Asammu, malamin Balhu da ya rasu a shekara ta 237 bayan Hijira, cewa wata mace ta zo masa da fatawa sai iska ta kuɓuce mata, kunya ta rufe ta. Shi kuwa ya ce ta ɗaga murya, ya nuna kamar kunnensa ba ya ji sosai, har hankalinta ya kwanta. Daga nan laƙabin kurma ya bi shi. Ya zaɓi a jingina masa naƙasa a kan ya bar baiwar Allah ta tafi da muzanta.

DARASI DAGA SAKKWATO

Mutanen wannan birni ba su bukatar tafiya nesa neman misali. A zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi a Gobir da Zamfara, akwai wasu ɗalibai masu zurfafawa a ilmin tauhidi da suka ɗauki ɗabi'ar tsare talakawa da tambayoyin aƙida, wanda ya kasa kawo hujja irin ta masu ilmin kalami sai su ce ba shi da imani. Mai karatu ya auna halin dattijon da ya shekara arba'in yana salla, yaro ya tsare shi a gaban iyalinsa ya fitar da shi daga addini. Shehu bai bar abin ya wuce ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya faɗa a cikin Infaƙul Maisuri cewa mahaifinsa ya yi wallafe-wallafe fiye da 50 a kan raddin waɗannan mutane, kuma Hisnul Afhami yana daga cikin littattafan da ya warware ruɗaninsu a ciki. A cikin wannan littafi na Bello ne kuma aka siffanta majalisin Shehu: yakan ɗan tsaya kafin ya fito ya sabunta niyya, ya fito da sakin fuska ya yi sallamar da kowa zai ji, kuma ba ya ƙosawa da marasa ladabi da ke katse shi da tambaya.

Shi kansa gidan Shehu ya tara halaye daban-daban. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu mutum ne mai tsanani, wanda abin da ya gani na son duniya a cikin jama'a ya ƙona masa rai har ya bar runduna a 1807 da nufin tafiya gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Bello kuwa, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya fi karkata ga sanin siyasar tafiyar da jama'a. Shehu bai nemi ya mai da ɗayansu ya zama ɗayan ba. A cikin Najmul Ihwani ya yi wa almajirai nuni da su karanta littattafan kowannensu, ya kuma ambaci fagen da kowa ya fi kula da shi. Al'umma tana bukatar mai tsanani, tana bukatar mai sassauci, muddin kowa ya san iyakarsa.

IYAKAR SUTURA

Wajibi ne a yi togaciya, domin akwai kunyar da ba ta cikin imani. Imamu Nawawi ya kawo bayanin malamai cewa nauyin da ke hana mutum faɗin gaskiya gazawa ce da rauni, an dai ara masa sunan kunya ne. Malamin da ya ji ɗalibinsa yana karya i'irabi shekara guda bai gyara masa ba don kada ya ji kunya, ya tanadar masa babbar kunya ce ranar da zai hau mumbari. Wanda aka nemi shawararsa a kan mai neman aure ko abokin ciniki, ya san aibi mai cutarwa ya ɓoye, ya ci amana. Shaidan da ya yi shiru a gaban alƙali don kada babban mutum ya muzanta, ya rufa asirin azzalumi da rigar wanda aka zalunta. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sun kuma ce kunyar marar kunya asara ce. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansaru don kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Sutura ta mai tuntuɓe ce, wanda kuskurensa bai wuce kansa ba; gyara kuwa ba ya faɗuwa, sai dai a zaɓar masa wuri da lokaci da murya.

FITINAR WAYAR HANNU

Abin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa shi ne wayar da ke aljihun kowa. A da idan harshen mai wa'azi ya zame, ko tsoho ya faɗi a bakin kasuwa, mutane ashirin ne suka gani, bayan kwana uku an manta. Yanzu kuwa kafin ya karkaɗe rigarsa an ɗauke shi, an watsa a WhatsApp da Facebook da TikTok, jikokinsa ma za su tarar da shi. Mafi muni shi ne yawan kallon irin waɗannan hotuna yana dasashe zuciya, har nauyin nan da ke kama mutum ya daina kama shi, dariya ta maye gurbinsa. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, aya ta 19 ta Suratun Nuri kuma ta yi narkon azaba ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Ran da sahabbai suka yi dariyar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'udu saboda sirantarsa, Annabi ya sanar da su cewa a kan mizani ya fi dutsen Uhudu nauyi. Wanda ya tura hoton muzantar wani ya tuna cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi.

Saboda haka, mai saurin jin nauyi kada ya raina wannan baiwa, kada kuma ya bar ta ta tsaya a sunkuyar da kai. Ya matsa kusa, ya raɗa wa mai yagaggen wando a kunne, ya gaisa da limamin da ya yi mantuwa kamar yadda ya saba gaisawa da shi. Mai faran-faran ya yi amfani da rahar tasa wajen kawar da idon jama'a daga kan wanda ya yi tuntuɓe. Mai zafi ya jinkirta gyaransa har a watse. Mai sanyin jini kuwa, tun da zuciyarsa ba ta faɗakar da shi da wuri, sai ya riƙe hukuncin da ilmi, ya aikata sutura don an umurce shi, kuma ladarsa ba za ta ragu ba. Iyaye da malaman makarantun allo da na Islamiyya su kuma su lura da yaron da ke rufe fuska idan ana dukan ɗan'uwansa, kada su kira shi rago, domin irin shuka ne da ya cancanci ban ruwa.

Allah ya rufa asirin Musulmi duniya da lahira, ya azurta zukata da kunyar da ke hana saɓo da tausayin da ke haifar da aiki, ya jiƙan Mujaddadi Shehu Usmanu da mataimakansa da sauran magabata. Amin.